Majalisar Bazara a Titin Bauchi: Jiya da Yau

Bazara ta sake zagayowa. Baƙi suna mana dariya idan muka ce ana zafi a Jos, domin garin da ke kan tsauni mai tsawon kusan mita 1,200 bai san ranar Sakkwato ko ta Maiduguri ba. Amma mu mun san bambancin. Daga watan Maris hazo ya ɗauke, an ajiye rigunan sanyi, mangwaro ya cika kasuwar Farin Gada, hadari yana haɗuwa yana watsewa, har ranar da ruwan farko zai sauko, wani lokaci da ƙanƙara. Manoman Bokkos da Mangu suna gyaran gonakin dankali, mu kuma da sanyin hunturu ya kora ɗaki mun fito da benci da tabarma. Daga La'asar zuwa bayan Isha'i, majalisa ta dawo. Tarihin wannan majalisa nake so mu waiwaya, don ba ƙaramin abu ba ce a rayuwar garin nan.

Kuza ce ta tara kakanninmu a nan. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka fara haƙarta, aka jawo ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, babban layi kuma ya zo ta Kafanchan a 1927. Bakano da Bazazzagi da Babarbare da Banufe da Bayerabe da Ibo suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere. Mutumin da ya bar danginsa a nesa, abokin zama shi ne ɗan uwansa. Shi ya sa teburin mai shayi da inuwar shago suka zama wurin da ake jin labarin aiki, ake neman rance, ake sasanta rigima, ake ma haɗa aure.

Siyasa kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan zama. A Jos Jam'iyyar Mutanen Arewa ta yi taronta na Disamba 1950, inda hanya ta rabu tsakaninta da 'yan NEPU. Dattawanmu sun ba mu labarin yadda ɗan sawaba da ɗan NPC za su yi musu har jijiyar wuya ta tashi, da an kira salla su tashi su bi liman ɗaya.

Abin da ya riƙe su shi ne suna da wuraren nishaɗi na tarayya. A 1972 ƙungiyar Mighty Jets ta Alhaji Isiyaku Ibrahim ta ɗauki kofin lig na ƙasa na farko. Dubi sunayen 'yan wasanta kawai: Isma'ila Mabo, Baba Otu Mohammed, Sam Garba Okoye. Wanda ke ihu a filin ƙwallo bai tambayi masallaci ko cocin na kusa da shi ba. Haka silimar Kwararafa da Rex, haka gidan zu da gidan tarihi da aka buɗe a 1952, haka kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos da kowace ƙabila ke saurare. Ni limami ne, ba zan ce duk abin da ake yi a waɗannan wurare daidai ba ne. Amma gaskiya guda ce: mutanen da suka saba dariya tare, da wuya a zuga su su kashe juna.

Mu da muka tasa a shekarun 1990 mun ga bazara biyu a jere da suka nuna mana fuska biyu ta siyasa. A Maris 1993 jam'iyyar SDP ta yi babban taronta a nan Jos, Abiola ya kayar da Babagana Kingibe da Atiku Abubakar. Gari ya cika da baƙi, masu masauki da masu abinci da direbobin tashar Titin Bauchi suka yi ciniki, majalisa ta kwana tana lissafin ƙuri'a cikin raha. Shekara guda bayan haka, ranar 12 ga Afrilu 1994, rikici ya ɓarke kan naɗa Alhaji Aminu Mato shugaban riƙo na ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, wadda aka ƙirƙiro a 1991. Aka rasa rayuka, aka ƙona dukiya. Gwamnati ta kafa kwamitin Mai shari'a Fiberesima, ƙura ta lafa, kowa ya ɗauka an gama.

Sauran kun sani: 7 ga Satumba 2001, gobarar babbar kasuwar Taminus a Fabrairu 2002, dokar ta-ɓaci ta Mayu 2004, Nuwamba 2008, Janairu 2010, sai bama-baman Taminus na 20 ga Mayu 2014. Ana ƙirga gawarwaki da shaguna, amma akwai asarar da ba kwamitin da ya rubuta. Kowa ya kwashe kayansa ya koma cikin nasa. Maƙwabcin da ke aiko mana da shinkafar Kirsimeti mu aika masa da naman layya ya sayar da gida ya tashi. Majalisar da a da take da Danjuma da Gyang da Emeka ta zama ta mutane iri ɗaya, masu ra'ayi ɗaya, masu tsoro ɗaya. A irin wannan zama, idan jita-jita ta shigo babu mai cewa: tsaya, daga can unguwar nake, ba haka aka yi ba.

Yanzu kuma waya ta ƙara mana nauyi. Matasa goma a benci, kowa kansa a sunkuye, saƙon WhatsApp yana yawo da hoton da ba a san shekararsa ba. Ga shi zaɓuɓɓukanmu sukan faɗo ne a wannan tsakani: Afrilu a 2003 da 2007 da 2011, ƙarshen Maris a 2015, Fabrairu da Maris a 2019 da 2023. Zafin gari ga zafin kamfe, zuciya ba ta da wuyar hawa.

Wasu suna cewa maganin shi ne a daina zancen siyasa a majalisa baki ɗaya. Ban yarda ba. Unguwar da ke fama da matsalar ruwan famfo, da kwatocin da ke toshewa kafin damina, da wahalar takardar ɗan asali ga yaran da kakanninsu aka haifa a nan, ba ta da damar kawar da kai. Wasu kuma sun mayar da majalisa ofishin jam'iyya, har aboki na shekara talatin ya daina gaisawa da abokinsa saboda ɗan takarar da bai san sunan ko ɗayansu ba. Wannan ma ɓata ce.

Hanyar dattawanmu ita ce tsaka-tsaki. A yi musu, a tashi a yi salla, a dawo a sha shayi. Labari idan ya zo a bincika kafin a yaɗa, kamar yadda Suratul Hujurat ta hore mu. Mai katin zaɓe ya adana shi, marar shi ya je ya yanka. Kuma tunda zumunci a ƙafa yake, kafin ruwa ya sauka sosai kowannenmu ya nemi tsohon abokin makaranta ko na kasuwa da rikici ya raba su, ya je har inda yake ya gaishe shi. Matasa masu shirya gasar ƙwallo su gayyato ƙungiyoyin Tudun Wada da Kabong, kada a tsaya tsakanin Unguwar Rogo da Gangare kaɗai.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da Filato da Najeriya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin.