Kiɗan natsuwa da "bugun kunne biyu": mene ne su, kuma suna taimakon mai karatu?

Idan jarabawar BEPC da ta bak suka ƙarato, ba wuya ka ga ɗalibi da littafi a hannu, ekutar a kunne. Wasu waƙa suke saurare. Wasu kuwa wani sauti ne marar waƙa da suka sauke daga YouTube, wanda ake tallarsa da cewa yana tattara hankali, yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. Sautukan nan iri biyu ne, kuma sau da yawa ana cakuɗa su a faifai ɗaya, alhali asalinsu da aikinsu daban.

Kiɗan natsuwa

Na farko shi ne wanda Turawa ke kira ambient. Kada sunan ya ruɗe ka da "ambiyans" ɗin gidan biki, domin kishiyarsa ne. Kiɗa ne mai sanyi, marar waƙa, marar ganga mai tashi, sautinsa yana jan lokaci ba tare da wani sauyi na bazata ba. An yi shi ne don ya cika ɗaki ba tare da ya ɗauke hankalin mutum ba.

Wani makaɗi Bafaranshe, Erik Satie, ya soma tunanin irin wannan kiɗa tun 1917, ya kira shi kiɗan kayan ɗaki, wato ya zauna a wuri kamar kujera ko labule. Amma wanda ya yaɗa sunan ambient shi ne Brian Eno na Ingila, da faifansa na 1978 mai suna Music for Airports, wanda ya tsara domin kwantar da hankalin matafiya a filin jirgin sama. Yau akan haɗa irin wannan kiɗa da ƙarar ruwan sama, ko iska, ko igiyar teku.

Bugun kunne biyu

Na biyu ba kiɗa ba ne sosai, dabara ce ta ji. A Faransanci ana ce masa sons binauraux. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗaure tsirkiyar gurmi ko molo ya san cewa idan sauti biyu suka kusa daidaita amma ba su daidaita ba, ana jin amon yana rawa, yana tashi yana sauka. A can, sautukan a iska suke haɗuwa. A bugun kunne biyu kuwa, kowane kunne nasa sautin ake ba shi dabam, sai haɗuwar ta faru a cikin kai.

Ana auna kaurin sauti ko siririntarsa da yawan kaɗawarsa a daƙiƙa ɗaya, ma'aunin da ake rubutawa Hz. Idan aka sa wa kunnen hagu sauti mai 200 Hz, na dama kuma mai 210 Hz, mutum zai ji wani bugu sau 10 a daƙiƙa, wanda babu shi a ko ɗaya daga cikin sautukan. Wani sashe na gindin ƙwaƙwalwa, wanda aikinsa kwatanta abin da kunnuwa biyu suka ji don gane inda ƙara ta fito, shi ke haifar da shi. Shi ya sa dole sai da ekutar a kunnuwa biyu; ta lasifikar waya abin ba ya samuwa. Haka kuma sai tazarar sautukan ba ta wuce kimanin 30 Hz ba.

Wani masanin kimiyya Bajamushe, Heinrich Wilhelm Dove, ya gano wannan a 1839. Abin ya daɗe ba a damu da shi ba, sai a 1973 da Gerald Oster ya yi rubutu a kansa a mujallar Scientific American ta Amurka.

Abin da masu tallarsa ke cewa

Ƙwaƙwalwa tana aiki da ɗan ƙaramin lantarki mai kaɗawa, wanda likita Hans Berger na Jamus ya fara aunawa a jikin ɗan Adam a 1924. Kaɗawar ƙasa da 4 Hz ta barci mai nauyi ce. 4 zuwa 8 ta gyangyaɗi. 8 zuwa 13 ta hutu a farke. 13 zuwa 30 kuma ta mutumin da ke cikin aiki da tunani. Masu sayar da waɗannan sautuka suna cewa idan aka ba kunne bugu mai wani sauri, ƙwaƙwalwa za ta bi sahunsa, ta shiga yanayin da ake so.

Abin da bincike ya nuna

A nan ne maganar ta yi rauni. Wani nazari na 2019 da ya tattara bincike 22 ya ga alamun amfani ga riƙe abu a ka, da mai da hankali, da rage fargaba. Amma a 2023 masana a Jamus suka duba bincike 14 da aka auna ƙwaƙwalwa kai tsaye: 5 ne kawai suka nuna tana bin sahun bugun, 8 ba su goyi bayan haka ba, 1 ya faɗa tsakani. A wannan shekarar kuma, masu bincike a ƙasar Polan suka gwada mutum 1000 a gidajensu, suna amsa tambayoyin gwajin basira. Waɗanda suka saurari bugun a lokacin gwajin, makinsu raguwa ya yi.

Abin da masana suka fi yarda da shi tsoho ne kuma mai sauƙi: magana tana katse karatu. Muddin kunne na jin kalmomi, musamman a harshen da mutum ke ji, ƙwaƙwalwa sai ta bi su ko ba ta so. Don haka waƙa mai baiti ta fi kiɗa zalla hana fahimtar rubutu. A nan ne kiɗan natsuwa ke da ranarsa: yana rufe hirar tsakar gida, da rediyon maƙwabta, da surutun fada. Amma ga wanda ya samu wuri shiru, da wuya wani sauti ya fi masa shirun.

Kula da kunne

Haɗarin da aka tabbatar ba a ƙwaƙwalwa yake ba, a kunne yake. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti da ƙarfi. Iyakar da ta ba manya ita ce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma tana ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura. Mai karatu kusa da janareto ko injin niƙa shi ya fi shiga tarko, domin yakan ƙure sautin don ya danne ƙarar waje. Ƙwayoyin ji na cikin kunne idan suka mutu ba su sake tsirowa. Wanda kunnensa ke ƙugi bayan ya cire ekutar, ya sani ya wuce iyaka. Idan abin ya ci gaba, ya ga likita. Kuma kada a sa su a kan babur ko bakin titi.

Mai son gwadawa zai iya auna kansa: ya karanta darasi ɗaya a shiru, wani mai kama da shi da sautin a ƙasa-ƙasa, washegari ya rufe littafi ya rubuta abin da ya tuna daga kowanne. Ya maimaita haka sau da dama. Abin da takardar ta nuna masa ya fi duk abin da mai talla zai faɗa, kuma ba ya buƙatar biyan ko dala.