finbol

finbol (suna, namiji; babu jam'i)

1. Wasa ne da ake yi a kan na'ura mai siffar tebur, an rufe samanta da gilashi, kuma ta ɗan gangaro wajen mai wasa. Mutum ya jefa kwabbai, ya ja sandar sifirin ya saki, sai ƙaramar ƙwallon ƙarfe ta haura sama, ta riƙa gangarowa tana karo da turaku masu tunkuɗa ta. Can ƙasa akwai 'yan sanduna biyu da ake kaɗawa da maɓallan gefe don mayar da ita sama kafin ta faɗa rami. Kamfanin Gottlieb na Shikago ya fara sa su a 1947. Galibi ƙwallo uku ake ba mutum, kuma wanda ya cika girgiza teburin, sandunan su mutu, ya yi asarar ƙwallonsa.

2. Ita kanta na'urar.

finbol na ƙwallon kwando: nau'in da aka tsara bisa wasan ƙwallon kwando, kamar NBA Fastbreak na Bally, 1997. A NBA Fastbreak, mai wasa yakan zaɓi ƙungiya, ya miƙa ƙwallo daga rami zuwa rami a gaban kwando, ɗan mutum-mutumin mai tsaro yana tare masa hanya, har ya ga dama ya harba. Makinsa kaɗan-kaɗan ne irin na filin wasa, ba miliyoyi ba. Akan haɗa na'ura biyu a fafata.

*Misali:* Gwanin finbol ba ya gaggawa, sai ya tare ƙwallo a kan sanda ya auna.