Ƙibar Kare: Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ake Rage Ta

A garuruwan kudancin Jigawa, daga Birnin Kudu zuwa Gwaram da ƙauyuka irin su Kwandiko, an saba ganin karnukan mafarauta da na makiyaya sirara, masu dogayen ƙafafu da ɗamammen ciki, domin wuni suke yi suna bin garke ko ratsa duwatsu. Karen da ke yin ƙiba shi ne na gadi, wanda ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya sayo da tsada ya ɗaure a bayan gida, ana zuba masa ragowar tuwo da shinkafa safe da yamma. Mai gida kan ɗauki cikar jikin a matsayin alamar kulawa, alhali likitocin dabbobi suna lissafa ta cikin cututtuka.

Illar ƙiba

Kitse mai yawa yana ɗora wa gaɓɓai nauyi, musamman ƙugu da gwiwa, har kare ya fara ɗingishi ko ya kasa miƙewa da sauri. Yana takura numfashi, yana wahalar da zuciya, yana kuma ƙara haɗari idan aka zo yi wa dabbar tiyata. A yankinmu akwai ƙarin barazanar zafi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, mai teɓa da aka ɗaure a rana yana iya faɗuwa ya mutu cikin sa'o'i kaɗan.

Wani bincike da kamfanin Purina ya gudanar a Amurka, aka wallafa a 2002, ya bi rayuwar karnuka 48 jinsin Labrador tun suna 'yan kwikwiyo. Rabinsu an rage musu kashi 25 cikin 100 na abincin da 'yan uwansu ke ci. Waɗanda aka rage wa sun kai matsakaicin shekara 13, sauran kuwa shekara 11 da 'yan watanni, kuma ciwon gaɓɓai ya jinkirta kama sirarun.

Awon jiki da hannu

Ma'aunin da likitocin dabbobi suka fi amfani da shi yana da mataki 9, wanda Dakta Dottie Laflamme ta wallafa a 1997. Mataki na 1 rama ce mai tsanani, 4 da 5 su ne daidai, 6 da 7 nauyi ya wuce kima, 8 da 9 kuwa teɓa ce. Kowane mataki sama da 5 yana nufin kusan ƙarin kashi 10 cikin 100 na nauyin da ya dace. Wato karen da ya kamata ya zama kilo 20, idan yana mataki na 7, ya doshi kilo 24.

Wurare uku ake dubawa. Na farko haƙarƙari: a shafa gefen ƙirjinsa da tafin hannu ba tare da dannawa ba. Idan an ji ƙasusuwan kamar yadda ake jin na bayan hannu idan an shimfiɗa shi, jikin ya yi daidai. Idan sun yi tsini kamar gaɓɓan dunƙulallen hannu, ya rame. Idan kuwa sai an danna kafin a ji su, ya yi ƙiba. Na biyu ƙugu: a tsaya a kansa a duba, ya kamata a ga jikin ya tsuke bayan haƙarƙari. Na uku ciki: daga gefe, ya kamata ya ɗage sama wajen ƙafafun baya.

Jinsi ma yana da tasiri. Karen Azawak na Abzinawan Nijar da Mali, da karnukan farauta na gida, halittarsu ce a ga alamar haƙarƙarinsu ko da suna ƙoshe. Manyan karnukan gadi irin su Rottweiler da Boerboel kuwa suna saurin tara kitse idan ba sa motsi.

Abin da ke jawo ta

Babban dalili shi ne cin abin da ya fi ƙarfin aikin da jiki ke yi. Tuwo da ƙanzo da shinkafa mai manja ko man gyaɗa suna da ƙarfi sosai, ga ƙarancin abin gina tsoka. A gida mai iyali da yawa, kowane ɗaki kan zuba masa ragowarsa ba tare da sanin ɗayan ya riga ya ba shi ba. Ɗauri dare da rana, tsufa da dandaƙa duk suna rage bukatar abinci.

Sai dai ba kowane babban ciki ne ƙiba ba. Tsutsar ciki tana kumbura cikin kwikwiyo alhali haƙarƙarinsa a waje. Ruwa kan taru a ciki saboda ciwon hanta ko zuciya, karya kuma tana iya kasancewa da juna biyu. Akwai ma ciwon wata gaɓa a maƙogwaro da ke sa ƙiba da kasala da zubewar gashi. Saboda haka kafin a rage abinci, a kai shi asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma ko na Dutse a duba shi, a kuma yi amfani da damar a yi masa allurar rigakafin haukan kare.

Yadda ake rage nauyi

A ware gwangwani guda na awo, a kuma damƙa ciyarwar ga mutum ɗaya. A raba abincin gida biyu, safe da yamma, a ɗauke kwanon bayan minti 15. A rage tuwo da mai, a ƙara nama marar kitse, dafaffen ƙwai ko kifin da aka cire wa ƙaya, a cike gurbin da dafaffiyar kabewa, karas ko kabeji. 'Yan abubuwan da ake jefa masa tsakanin abinci kada su wuce kashi 10 cikin 100 na cimarsa ta yini. Ruwa mai tsabta da inuwa kuwa kada su yanke.

Sannu ba ta hana zuwa. Ragin da ake so shi ne kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyi a mako, wato giram 300 zuwa 600 ga kare mai kilo 30. Hana shi abinci gaba ɗaya tsoka yake cinyewa, kuma cutar da dabba ne. Duk mako biyu a auna shi: mutum ya hau sikeli riƙe da shi, sannan ya hau shi kaɗai, a cire bambancin a rubuta.

A riƙa zagayawa da shi da igiya bayan asuba ko da la'asar sakaliya. A fara da minti 10, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin sa'a sau biyu a rana. Idan ya fara haki mai tsanani, a tsaya a inuwa.

Abincin da ke da haɗari

Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, don haka miya da yajin tsire ba nasa ba ne. Goro da cakulan suna ɗauke da sinadaran da ke hargitsa bugun zuciyarsa, inabi kuma yana iya kashe masa ƙoda. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Lokacin Babbar Sallah a kiyaye tara masa kitsen layya, domin cin kitse mai yawa a tashi ɗaya yana jawo amai da ciwon ciki mai tsanani da kan kai ga mutuwa.

Hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun yi rangwamen ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma duk wanda ya ajiye dabba, haƙƙin cinta da lafiyarta yana wuyansa. Mai gida ya riƙa shafa haƙarƙarin karensa sau ɗaya a wata. Da zarar sai ya danna kafin ya ji ƙashi, lokacin rage awo da ƙara tafiya ya yi.