Daga Reno zuwa Sana'a: Tarihin Malamar Ƙananan Yara a Yamai

A ƙasar Hausa kalmar reno ta girme wa kalmar lakwal nesa ba kusa ba. Tun kafin a gina aji na farko a bakin kogin Kwara, akwai tsari sananne na tarbiyyar yaro daga ranar suna har zuwa lokacin da za a kai shi gaban malam. Uwa ce ke goyo har wajen shekara biyu, sannan a yaye yaro, sau da yawa a hannun kaka. Daga nan ƴar reno, yayye da maƙwabta su karɓa, yaro ya koyi gaisuwa, cin abinci da hannun dama, da sunayen dangi. Da dare kuma tatsuniya da kacici-kacici su buɗe masa baki, su wasa masa hankali. Abdu Mumuni, masanin kimiyya haifaffen Tasawa wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya bayyana a littafinsa L'éducation en Afrique na 1964 cewa tarbiyyar gargajiya tana bin matakan shekaru, kuma matakin farko yana hannun uwa. Bubu Hama shi ma ya yi nazarin wannan tarbiyya a wani littafi da ya fito a 1968. Sai dai duk da ingancin wannan tsari, ba wanda ke kiran sa sana'a. Ana ɗaukar sa abin da kowace mace ta gada, kuma wannan ɗauka ta yi tasiri mai nisa a kan matsayin malamar ƙananan yara a yau.

Ra'ayin cewa renon yara cikin taro yana buƙatar koyo na musamman ya samo tushe ne a Turai cikin ƙarni na 19. A 1826 aka buɗe gidajen tsaron yara na farko a Paris domin ƴaƴan mata masu aikin ƙodago, inda ake tara yara masu ɗimbin yawa a ɗaki guda don kada su yi yawon titi. A Jamus, Friedrich Fröbel ya raɗa wa makarantarsa suna Kindergarten a 1840, wato lambun yara, yana mai cewa yaro kamar tsiro yake, kuma wasa ne hanyarsa ta koyo. Ya horar da mata domin wannan aiki, amma hukumomin Furusiya sun yi wa irin waɗannan makarantu kallon barazana har suka haramta su daga 1851 zuwa 1860. A Faransa kuwa Marie Pape-Carpantier ta shugabanci makarantar horar da masu kula da gidajen yara da aka buɗe a Paris a 1847. A 1881 aka mayar da gidajen makarantu na hukuma, kuma Pauline Kergomard, babbar mai duba su har 1917, ta shafe shekaru tana yaƙi da ɗabi'ar ɗora wa ɗan shekara uku karatu da rubutu irin na manya. A 1907 likita Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta a wata unguwar talakawa ta birnin Rum, ta kafa aikinta a kan lura da yaro kafin a koya masa.

Daga waɗannan mutane aka gaji ginshiƙan sana'ar: sanin matakan girman yaro a jiki da harshe da hankali, amfani da wasa da waƙa da aikin hannu, kula da lafiya da tsaro, da kuma hulɗa da iyaye. An gaji wata gardama ma, wadda har yau ba ta mutu ba, a kan ko makarantar ƙananan yara wurin ajiya ce, ko share fagen firamare, ko kuwa mataki ne mai cin gashin kansa.

Mulkin mallaka bai kawo wa Nijar wannan gado da hannu biyu ba. Lokacin da aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, abin da Faransawa ke nema daga lakwal shi ne tafintoci, akawu da ƙananan ma'aikata. Ranar 3 ga Agusta 1960, da ƙasar ta samu ƴancin kai, yaran da ke zuwa firamare ba su kai biyar cikin ɗari ba. A irin wannan hali ba a maganar ɗan shekara huɗu. Ƴan azuzuwan ƙananan yara da aka samu a farko na ƴan mishan ɗin Katolika ne, kuma sun tsaya a birane. Ga yawancin iyaye, makarantar farko ita ce ta allo, inda yaro ke zama gefen yayyensa yana bin baƙaƙe da kunne tun kafin ya iya riƙe alƙalami. Ta ɓangaren mata kuma, ƙasar Hausa ta riga ta san malama mai horo tun zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da jajis ɗinta masu kai ilimi ƙauyuka, ko da yake ɗalibansu matan aure ne da ƴan mata.

Sai a cikin shekarun 1970, zamanin mulkin Janar Seyni Kunce, hukuma ta shiga harkar da kanta. Yamai na bunƙasa, fari ya koro mutane daga karkara, mata ma'aikata sun ƙaru a ofisoshi da asibitoci, buƙatar wurin da za a bar yaro da safe ta fito fili. A farkon shekarun 1970 ne kuma aka soma makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida, da Hausa a Damagaram a 1973, sannan aka kafa cibiyar INDRAP a Yamai domin binciken koyarwa da tsara littattafai. Amma makarantun horar da malamai, irin su Askiya Muhammad ta Damagaram, Bawa Jan Gwarzo ta Maraɗi da Kawsen ta Tawa, an gina su ne domin firamare. Saboda haka malamar da aka tura ajin ƙanana yawanci malamar firamare ce da aka ƙara wa ɗan gajeren horo, ta zo da allo da alli da salon maimaita darasi, ta tarar da yaran da ba su iya zama wuri ɗaya na minti goma ba.

Shekarun 1990 sun sauya lafazin hukumomi. Nijar ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara a 1990, shekarar da taron Jomtien na ƙasar Tailan ya jaddada cewa koyo yana farawa tun daga haihuwa. Ranar 1 ga Yuni 1998 aka zartar da doka mai lamba 98-12, wadda aka fi sani da LOSEN, ta sanya matakin ƙananan yara cikin ilimin tushe, ta kuma ba harsunan ƙasa gurbi a farkon karatu. Taron Dakar na Afrilu 2000 ya mayar da kula da ƙananan yara buri na farko cikin burika shida. Duk da haka, a farkon shekarun 2000 yaran Nijar da ke samun wannan mataki ba su wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, kuma kaso mai tsoka nasu a Yamai suke. Shirin ilimi na shekara goma da aka soma a 2003 ya zuba ƙarfinsa a firamare, ta hanyar ɗaukar dubban malamai ƴan kwantaragi masu ƙaramin albashi. A karkara, da tallafin UNICEF, aka buɗe makarantun ƙananan yara na al'umma, inda gari ke zaɓen mace daga cikinsa a ba ta horo na ɗan lokaci. Adadi ya ƙaru, amma har tsakiyar shekarun 2010 bai kai yaro ɗaya cikin goma ba.

Yawan yara ya riga gini gudu, sai aka koma ga azuzuwan zana da kara. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta tashi a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas, kusa da filin jirgin saman Yamai, ta halaka yara kimanin 20, mafi yawansu ƴan ajin ƙanana. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar irin wannan masifa ta auka wa Maraɗi, inda fiye da yara 20 suka rasu. Bayan haka ne gwamnati ta haramta azuzuwan zana a matakin ƙananan yara. Waɗannan ranaku biyu sun tunatar da ƙasa abin da ginshiƙan sana'ar suka ƙunsa tun asali: yawan yaran da mutum ɗaya zai iya kula da su, faɗin ƙofa, da sanin yadda ake fitar da ɗan shekara huɗu daga ɗaki cikin gaggawa, duk suna cikin ilimin malama kamar yadda baƙi da wasali suke.

A Maris 2025 sabon kundin mulkin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Ga ajin ƙanana na Yamai, inda ɗan Bazabarme, ɗan Bahaushe, ɗan Bafillace da ɗan Buzu ke zama a tabarma guda, wannan ya ƙara wa malama nauyi, domin ita ce ke fara haɗa harshen gida da na makaranta. Tatsuniyoyi, waƙoƙin gaɗa da wasannin dandali da cibiyar CELHTO da masana irin Bubu Hama suka damu da adana irinsu, kayan aiki ne da ke jiran a shigar da su manhajar horonta. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tarihin Yamai ya nuna cewa an daɗe da yarda da karin maganar, amma horar da hannun da zai yi tanƙwarar, da biyan sa haƙƙinsa, su ne aka bari a baya.