Daga Tawadar Allo zuwa Batir: Tarihin Ƙaro da Ilmin Folima

Duk wanda ya tashi a Fakuwa, ko wani gari na ƙasar Kankiya da Kusada, ya san yadda almajiri ke haɗa tawada: a niƙa gawayi, a zuba ruwa, sa'an nan a jefa ƙaro. In babu ƙaro, rubutu na bushewa sai ya kakkaɓe. Da ruwan ya ƙafe, ƙaron kan bar wata siririyar yana a kan allo, ita ce ke riƙe baƙin har ranar da za a wanke. Wannan yana kuwa ita ce irin abin da injiniyoyin sinadarai ke bincike a kansa a jami'o'in duniya.

Shi dai ƙaro ɗaya ne daga cikin abubuwan da masana ke kira folima, watau abin da ƙwayoyinsa suka sarƙu da juna suka yi tsawo kamar carbi. Auduga da sitaci da roba duk danginsa ne. Mafi kyawunsa daga itacen ɗakwara ake samu, kuma Sudan da Chadi da Nijeriya su ne kan gaba wajen samar da shi.

Amfani da ƙaro ya daɗe, don kuwa Misirawan dā sun sa shi a tawada da fenti. A ƙarni na 18 masu buga wa yadi zane a Turai suka dogara da shi ƙwarai, har neman sa ya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka sa Ingila ta ƙwace Sanluwi, a bakin kogin Sanagal, daga hannun Faransa a 1758. Amma duk wannan lokaci ana cin moriyarsa ne ba tare da an san sirrinsa ba.

Sai a 1920 Bajamushen nan Hermann Staudinger ya bayyana cewa irin waɗannan abubuwa dogayen sarƙoƙi ne. Aka yi ta musu da shi, daga baya aka ba shi kyautar Nobel a 1953. Daga nan masana suka koyi sarrafa kaurin yanar da lokacin narkewarta.

Ta fannin magani, a dā da sukari da ƙaro ake lulluɓe ƙwaya don ɓoye ɗacinta. A 1954 kamfanin Abbott na Amurka ya fito da ƙwaya mai siririyar rigar folima. A yau akwai rigar da ba ta narkewa a tumbi sai a hanji, da wadda ke sakin magani kaɗan-kaɗan, yadda majinyaci zai sha sau ɗaya a yini.

Ta fannin makamashi kuma, batirin litiyam da kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991 yana da irin wannan yana a cikinsa, kaurinta kamar kashi 1 cikin 40 na milimita. Ita ce ke raba ɓangarorinsa biyu. In ta huje, batirin na iya kama wuta. Har ila yau, faranti mai tara hasken rana da fallen folima ake kare shi daga ƙura da danshi. A 2015 kuwa wasu masana suka nuna cewa ƙaro na iya ɗaure garin silikon a cikin batir, kamar dai yadda yake ɗaure gawayi a kan allo.

Abin lura a nan shi ne, yadda ƙaro ya bar Afirka a 1758, haka yawancinsa ke barin ta har yanzu, ɗanye a cikin buhu. Faransa ce babbar mai saye, ta tace shi, ta sayar wa masu haɗa magani da lemon kwalba da tsada. Nijeriya tana da wurin fara gyara wannan: akwai tashar binciken ƙaro a Gashuwa, akwai sashen injiniyancin sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962.

Saboda haka aiki ya rage ga ɓangare biyu. Ɗalibai su ɗauki ƙaron ƙasarsu su auna shi a ɗakin gwaji, su san abin da yanarsa za ta iya ɗauka. Ma'aikatan gona da gandun daji kuma su tsare ɗakwara daga gatarin masu itacen wuta, domin itacen da aka sare bana sai an jira shekara huɗu ko biyar kafin madadinsa ya ba da ƙaro.