Lefe: Daga Kwandon Kaba Zuwa Akwati

Kafin kalmar lefe ta zama sunan kayan da ango ke kai wa amarya, sunan wani kwando ne da ake saƙawa da kaba, watau ganyen ƙaramar goriba. A cikinsa mata kan ajiye audugar kaɗi. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo kalmar da wannan ma'ana ta kwando.

Saƙar kaba tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, musamman arewacinta inda goriba ta yawaita, har wani kwari a jihar Maraɗi ake kiransa Gulbin Kaba. Akan yanko kabar a shanya, a tsaga ta siri-siri, a rina wani sashe da karan dafi don ya yi ja, sa'an nan a kitsa. Da ita ake yin tabarma da faifai da mafici da igiya.

Da yake a lefe ake jera tufafin aure, sai sunan mazubi ya koma kan abin da aka zuba. Daga baya fantimoti da akwati suka maye gurbinsa. Haka kuma, tun daga shekarun 1970, kayan roba na masana'antun Kano suka rage wa masaƙa kasuwa.

Yanzu akan kai lefe ba tare da ko tsinken kaba ba. Saboda haka wajibi ne manazarta su tattara kalmomin wannan sana'a daga bakin tsofaffin masaƙa tun suna raye.