Borni da Burtali: Yadda Aikin Yanka Filaye Ya Sauya a Dakoro

Duk wanda ya shiga aikin awon filaye a jihar Maradi, labarin farko da magabatansa ke ba shi shi ne na ambaliyar 1945. Gulbin Maradi ya cika ya cinye tsohon garin da ke cikin fadama, Faransawa suka kwashe jama'a zuwa kan tudu, suka zana musu tituna miƙaƙƙu masu ratsa juna, gidaje murabba'i-murabba'i. Da wannan zane aka horar da mu, shi muka riƙa ɗauka zuwa ƙananan garuruwa, har da Dakoro wadda Turawan suka mayar mazaunin mulki a 1947.

Sai dai Dakoro ba Maradi ba ce. Gari ne da ya tashi a mahaɗar noma da kiwo, kusa da kwarin Tarka. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, domin a bar wa Fulani da Buzaye makiyayarsu. Amma ƙasa ta yi wa mutanen kudu kaɗan, suka riƙa hawowa suna saran daji, farin 1973 da na 1984 kuma suka karya makiyaya da yawa har suka zauna a gefen gari. Ƙidayar 1977 ta sami mutum dubu goma da ɗoriya a garin Dakoro, ta 2012 ta sami kusan dubu talatin. Kowane ɗaya daga cikinsu yana bukatar inda zai kafa danga.

A da, aikinmu na ƙafa ne da rana. Mutum ɗaya na riƙe da sanda mai lamba, wani na leƙen na'urar awo a kan ƙafafunta uku, yara na jan igiyar awo, amalanke na biye da mu ɗauke da bornin siminti, wato alamun iyaka. Kafin mu dasa ko guda, sai mai gari ya zo da masu gonaki. Dattijo zai tsaya kan layin gamba ya ce, "Nan mahaifina ya shuka ta, daga nan zuwa waccan aduwa tamu ce." Maƙwabcinsa ya gyaɗa kai ko ya musa, a tsaya a warware a wurin. Gamba da aduwa su ne taswirar mutane, kuma sau da yawa sun fi takardunmu faɗin gaskiya. Yau na'urar GPS tana gama aikin mako cikin yini, amma ba ta san wanda ya ari gona da wanda ya gada ba.

Abin da ya girgiza kowa shi ne Toda. A watan Oktoba 1991 rikicin manoma da makiyaya a wannan ƙauye na yankin Gidan Rumji ya ci rayuka sama da ɗari, akasarinsu mata da yara na Fulani. Bayan haka, ranar 2 ga Maris 1993 aka sa hannu kan dokar tsarin karkara, wadda ta amince cewa haƙƙin gado na gargajiya haƙƙi ne kamar na takarda, ta kuma haifar da kwamitocin ƙasa da muke kira Kofo, daga gunduma har ƙauye. A ƙasar Dakoro an ga amfaninsu. Da tallafin ƙasar Suwis, shirin PASEL ya taimaka aka bi burtali aka kafa ginshiƙan siminti dama da hagu, bayan an zauna da sarakuna, arɗo-arɗo da manoma. A ganina babu aikin tsara ƙasa da ya kai wannan inganci a yankin, domin sai da aka yarda sannan aka dasa.

Cikin gari kuwa labarin ya bi wata hanya. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, magadan gari suka karɓi ragama da aljihu kusan wayam. Haraji ba ya shigowa, albashin ma'aikata na jira. Sai lotisma, wato yanka filaye, ta zama saniyar tatsa: a karɓi gonakin bakin gari, a yanka su murabba'in mita 400 ko 500, a ba masu gona wani kaso na filayen a madadin kuɗi, a sayar da sauran. Gwamnati ma ta taɓa biyan ma'aikatanta bashin albashi da filaye, don haka ba wanda ya ga abin kunya a ciki.

Na ga sakamakon da idona a wata komin, wato ƙaramar hukuma, da ba zan kama suna ba. Mun zana unguwa, mun ware wurin makaranta, wurin asibiti, da wani kwari da muka rubuta ƙarara cewa hanyar ruwa ce. Bayan ƴan shekaru na dawo na tarar an yayyanka wurin makarantar an sayar, kwarin kuma an gina shi. Damina ɗaya mai ƙarfi, katangun laka suka zube. Wata bazawara ta nuna mini takardarta, fili ɗaya ne da na wani ɗan kasuwa, lamba ɗaya, hatimi ɗaya. Mutane da yawa ba su san cewa takardar da ofishin magajin gari ke bayarwa ba ita ce ta ƙarshe ba, ko da yake tun 2006 aka sauƙaƙa samun takardar mallaka da ake kira Sheda. Manomin da ya karɓi kasonsa kuwa, yakan sayar cikin shekara biyu, ya wayi gari ba gona ba fili.

Dokoki ba su yi mana kaɗan ba. Akwai ta kiwo ta 2010, akwai ta tsara birane ta 2017. Kirana ga masu riƙe da Dakoro, Kornaka, Birnin Lalle da sauran komin-komin shi ne, kada a sake yanka ko fili guda sai an fara kafa borni a kan hanyar ruwa, hanyar da dabbobi ke bi zuwa kasuwa da rijiya, da wuraren jama'a, an kuma liƙa taswirar a ƙofar ofis inda kowa zai gani. Kai kuma mai saye, ka je da ƙafarka ka ga bornin nan huɗu, ka duba lambarka cikin rajista kafin ka miƙa kuɗinka.